Juyin Gonar Gangare

Zuwa ga ɗana Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya. Yaya gwiwar Yaya, babanka? Ka ce masa ya rage tsugunno, shekaru ba sa jin lallashi. Ni lafiya lau, sai muryata da ta dushe. Ɗalibai sittin a aji guda ba wasa ba ne.

Direba ya kawo min takardarka, a tsaye na karanta ta a bakin ofis. Ni da babanka kakanmu ɗaya, amma rabona da kai tun kana ɓuya a bayan mamarka in an yi baƙi. Ashe har ka bar shagon gyaran injin ban-ruwa ka koma gona! Na ji daɗi ƙwarai.

Ka tambaye ni me ya sa gonar gangare take ƙara lalacewa, alhali babu gonar da ake sharewa kamarta. Amsar tana cikin tambayarka. Yawancinmu mun tashi da tunanin cewa gona mai tsabta ita ce gonar kirki: a tattara kara, a cinna masa wuta, a ce toka taki ce. Ni ma haka na ɗauka har sai da na shiga makarantar koyon aikin gona. Toka tana da ɗan amfaninta, ban musa ba. Amma abin da masara ta fi jin yunwarsa, wanda ake saye a buhun yuriya, hayaƙi ne yake tafiya da shi. Tokar da ta rage kuma iska ta ɗebi rabi, ruwan farko ya wanke saura zuwa rafi, tunda gonar a gangare take.

Ka ce shekara goma sha biyu ke nan masara a kan masara. Ka ɗauki ƙasa kamar tukunyar da kowa yake ɗiba, babu mai zubawa. An kwashe hatsi, an ƙone kara, me aka bar mata?

Abu biyu nake so ka yi. Na farko, bana kada ka ƙona karan. Ka sare shi ka kwantar a ƙasa, a giciye da gangaren, don ya tare ruwa da ƙasar da ruwa yake ja. Rana za ta gasa yawancin tsutsar da ke ɓuya a cikinsa, gara kuma ta yi maka aikin niƙa kyauta. Na biyu, in damina ta matso, ka juya gonar. Wannan zan yi maka bayaninsa dalla-dalla a takarda ta gaba, yanzu an buga ƙararrawa, yaran nan kuwa in na makara sai su ɗauke min allo.

Ka gaishe da mamarka.

Gwaggonka, Malama

*

Zuwa ga Gwaggo Malama,

Bayan gaisuwa da girmamawa, muna nan lafiya. Gwiwar Baba da sauƙi, amma bai karɓi saƙonki ba, ya ce ki fara warkar da muryarki tukuna. Mama tana gaishe ki.

Na karanta masa takardarki a ƙofar gida. Da na zo wajen tukunya sai ya ce, "Ita Malama a kan allo take nomanta, ciyawa ba ta fitowa a allo." Na ce, "Baba, ai gwaji ne." Ya ce, "Gwaji a gonar wa?"

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Wani mai buga bulo ya zo sau biyu yana neman gonar gangare, yashinta yake so. Baba ya fara karkata, ya ce ƙasar da ta daina haihuwa gara a yi ɗaki da ita. Na roƙe shi, Mama ta sa baki. A ƙarshe ya ba ni damina biyu. In a ta biyun ba ta ba ni abin da gonarsa ta tudu take ba shi ba, kunya da kunya, mai bulo zai kawo motarsa, ni kuma in koma shago in ci gaba da kwance injuna. Gwaggo, ba wai ina ƙin shago ba ne. Amma a gonar nan na koyi riƙon fartanya, ba na son in wuce wata rana in ga rami a wurin.

Kara na kwantar da shi yadda kika ce. Maƙwabta suna tsayawa su tambaya ko ba ni da lafiya. Ɗaya ma ashana ya miƙo min, wai ko rashinta ne ya hana ni.

Maganar juyi kuma kada ki damu, na gane. Na riga na yi magana da mai shanun huɗa.

Ɗanki, Auta

*

Zuwa ga Gwaggo Malama,

Ina gaishe ki. Muna lafiya, sai dai ni ban san ko in ce ina lafiya ba. Wata uku ke nan ban ji daga gare ki ba. Kullum direba ya tsaya sai in leƙa, ya girgiza min kai.

Na yi duk abin da kika ce. Da ruwa ya sauka na sa aka juya gonar da garma, juyi mai zurfi, aka binne karan nan kaf, ko tsinke ba a bari a sama ba. Bayan mako guda na shuka masara. Ta fito da kyau, har na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa.

A mako na uku ta fara sauya launi. Ganyen ƙasa ne ya fara, rawaya daga baki tana bin tsakiyar ganye tana shiga ciki. Yanzu mako huɗu, ba ta kai gwiwata ba, sirara kamar tsintsiya. Rabin da ke ƙasa, inda kara ya fi taruwa, shi ya fi muni. Na tona na ga karan yana nan bai ruɓe ba, sai wani farin abu kamar zare da ya lulluɓe shi. Gonar Baba ta tudu kuwa, wadda ya ƙone ƙurmus, kore shar kamar an shafa mata mai.

Jiya ya dogara sanda ya sauko ya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, kunyoyinka sun ba ka kunya." Mai bulo kuma ya koyi gaishe ni da hannu biyu, har da tambayar yaya amfani.

Gwaggo, ko dai ƙasarmu ba irin ta littafinku ba ce? In da abin da na ɓata ki faɗa min. In kuma babu, shi ma ki faɗa min, in san inda na dosa.

Auta

*

Zuwa ga ɗana Auta,

Ina fatan wannan ta same ku lafiya, ta kuma same ka da wuri. Na tsaya a kan direba sai da ya sa ta a aljihun gabansa. Ina lafiya, muryata ta dawo, kuma yau ina bukatarta don in ba ka haƙuri.

Ranar da na karanta "na yi magana da mai shanun huɗa" na gane ba ka fahimce ni ba. A ranar na rubuto maka doguwar takarda. Shekaranjiya, da na tsare direba da tambaya, ya zaro ta daga ƙarƙashin kujerarsa, ta sha mai ta sha ƙasa. Amma ba shi ne mai babban laifi ba, ni ce. Malamar da ta ce wa ɗalibi "juya" ta fita daga aji ba ta ce me za a juya ba, ita ta faɗi jarrabawa.

Juyi biyu ne, ɗana. Kai ka juya ƙasa. Ni shuka nake nufin ka juya: inda masara ta zauna bara, bana wake ya zauna, ko gyaɗa, ko waken soya. Kara kuma a sama na so ya zauna, kamar bargo, ya ruɓe a hankali.

Ga abin da ya faru da masararka. A cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne masu ruɓar da kara. Farin zaren da ka tono aikinsu ne. Busasshen karan masara abinci ne mai tauri, ba shi da maiƙo. Kafin su iya cinye shi sai sun nemi ƙarfi, ƙarfin nan kuwa shi ne abincin da masararka take jira. Kamar ka gayyato ma'aikata ɗari su yi maka sussuka ne, kafin su gama daga rumbunka za su ci. Ka binne musu aikin shekara guda a rana ɗaya, suka taru a kai, suka bar jaririyar masara da yunwa. Rawayar da ta fara daga ganyen ƙasa alamar wannan yunwa ce, ba cuta ba ce. Abin da suka ci bai ɓata ba, in sun gama za su mayar wa ƙasa. Sai dai masarar bana ba za ta iya jiransu ba.

Yanzu ka raba gonar biyu. Rabin sama, inda masarar take da sauran rai, ka nemo kashin kaji wanda ya ruɓe, ko yuriya kaɗan in da hali. Ka tona ɗan rami a gefen kowane gindi, tazarar tafin hannu, ka zuba ka rufe, lokacin da ƙasa take da danshi. Kada ya taɓa jikin shukar.

Rabin ƙasa kuwa, ka daure ka cire ta. Na san da ciwo. Ka shuka wake mai saurin nuna, lokacinsa bai wuce ba. Wake ba ya rububin abincin nan da kowa, daga iska yake samo nasa. In ya fara fure, ka tono guda ɗaya a hankali, ka wanke saiwar, za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle. Ka fasa ɗaya da farce ka gaya min launin cikinsa. Ranar girbi kuma kada ka tumɓuke shi, ka yanke daga sama ka bar saiwa a ƙasa.

Kada ka ji haushin babanka. Wutarsa ba ta wauta ba ce: tana kashe tsutsar kara, tana sauƙaƙa huɗa, kuma ba ta taɓa ba shi irin rawayar nan ba. Abin da take ci a hankali take cinsa, shi ya sa ba a kama ta. Gonar tudu a shimfiɗe take, kuma tana kusa da gida tana samun shara da kashin awaki, shi ya sa ta fi jurewa.

Ƙasarku irin ta littafi ce. Shafi ɗaya ne ya kwana a ƙarƙashin kujera.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo Malama,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, an gama girbi, gajiya ce kawai. Mama ta yi ɗan zazzaɓi amma ta miƙe.

Da na karanta takardarki sai da na zauna a bakin kunya na yi dariya ni kaɗai. Na karanta wa Baba, ya ce, "Wato ku biyu masu ilimi kalma ɗaya ta kayar da ku."

Ranar da na cire masarar rabin ƙasa ban ci abincin kirki ba. Amma waken ya yi. Da ya yi fure na tono ɗaya, ga ƙulle-ƙullen nan jere a saiwa. Na fasa, cikinsu ja-ja ne kamar tsokar nama. Na ruga na nuna wa Baba. Ya juya shi ya ce, "Ƙurji ne. Wakenka ma ba shi da lafiya."

Masarar rabin sama ta farfaɗo bayan kashin kaji, amma goyonta ƙanana ne, ba ta kai rabin ta Baba ba. Wake kuwa Mama ta cika tukwane biyu da buhu guda, yanzu ta koma ɓangarena gaba ɗaya. Baba ya ce a kan masara muka yi magana da shi, ba a kan wake ba. Saura damina ɗaya.

Ga matsala. Mama tana son harawar waken don awakinta, ni kuma ina son in bar ta a gona. Mun kwana biyu muna kallon-kallo a kan ta. Wa ke da gaskiya? Kuma baɗi me zan juya? Ki rubuta shi yadda ko akuya ta karanta za ta gane.

Ɗanki, Auta

*

Zuwa ga ɗana Auta,

Ina gaishe ku duka, ina yi wa mamarka sannu da jiki. Ni lafiya, muna tsakiyar gyaran takardun jarrabawa, don haka a gajarce.

Ja-ja ɗin nan shi nake son ji. Alamar suna aiki ke nan, suna kamo abinci daga iska. Ka ce wa Yaya irin wannan ƙurjin addu'ar samunsa ake yi.

Harawa ka bar wa mamarka. Akuya ba ɓarauniya ba ce, in dai abin da ya fito ta bayanta zai koma gonar. Ka riƙa tara kashin a inuwa, ka kai kafin shuka, ka raba wa rabin sama da rabin ƙasa daidai wa daida. Saiwa da ganyen da ya zube sun riga sun zauna a ƙasa. Kada dai ka ɗauka wake ɗaya zai biya bashin shekara goma sha biyu, somawa ce kawai.

Ga shi yadda akuya za ta gane. Kara: a sama, ba a wuta ba, ba a rami ba. Garma: baɗi ta huta, ka buɗa karan da fartanya ka shuka a tsofaffin kunyoyi. Shuka: a ƙa'ida rabin sama wake ya kamata ya samu, amma baɗi kaɗai ka sa masara a duka biyun, iri ɗaya, rana ɗaya, taki ɗaya. Ina son idon babanka ya ga masara bayan wake kusa da masara bayan masara. Ban ɓoye maka ba, rabin sama zai iya ja maka baya a lissafi. Gonarka ce, kai za ka zaɓa.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo Malama,

Gaisuwa mai tarin yawa. Muna lafiya ƙalau. Ki yafe min dogon shiru, damina ce ta riƙe min hannu, kuma na ƙudura ba zan rubuto ba sai da labari cikakke.

Na bi shawararki, masara a duka biyun. A tsakiyar damina ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyu. Da rana ganyen masarar Baba sai ya naɗe kamar an murɗa shi. Tawa ta jure, in na cusa hannu ƙarƙashin karan sai in ji sanyi. Amma tun daga nesa ana ganin gonar gangare kamar riga mai launi biyu: rabin ƙasa kore mai duhu, rabin sama fari-fari. Ciyawar wuta-wuta mai shanye masara ma ta fi yawa a sama.

Ranar awo Baba ya ce shi zai auna da kwandonsa, kada a ce an yi masa wayo. Mai bulo ya zo ba a gayyace shi ba, ya ajiye motarsa a bakin hanya. Aka ɓare kunya goma a gonar tudu: kwando takwas. Kunya goma a inda wake ya zauna: kwando goma. Gwaggo, sai da na riƙe bakina. Kunya goma a rabin sama: kwando biyar.

Mai bulo ya yi caraf ya ce, "Goma da biyar, sha biyar. A raba biyu, bakwai da rabi. Baba, bakwai da rabi ai ba takwas ba ne."

Baba ya ce, "Lissafinka daidai ne."

Mama da ke tsaye da kwano ta ce, "Rabin kwando ne fa, Malam." Ya ce, "Ko rabin ƙwaya ne, magana magana ce."

Sai ya taka zuwa rabin ƙasa, ya sa sanda ya ture karan, ya sunkuya ya damƙo ƙasa. Baƙa-baƙa ce, da tana guda tana motsi a ciki. Ya miƙa wa mai bulo ya ce, "Kai ne masani. Wannan za ta buga bulo?" Mai bulo ya murza ya ce, "Wannan ta saman ta yi laushi, ga datti. Ni yashi nake so." Baba ya kakkaɓe hannu ya ce, "To ka ji. Yashi na ce zan ba ka, ga shi yaron nan ya ɓata min shi. Sai ka yi haƙuri." Mai bulo ya ce ai a ƙasa akwai yashin, Baba ya ce gwiwarsa ba ta son dogon tsayi, ya juya ya kama hanyar gida.

Na bi shi har muka kai ƙofa. Ya ce, "Gonar tana hannunka. Amma rabin saman nan abin kunya ne, ka san yadda za ka yi da shi."

Yau da safe kuma, yana gyara ƙotar fartanya, bai ɗago kai ba ya ce in tambaye ki: wai wani abokinsa ne yake son sanin mudu nawa na irin wake zai isa kunya goma, kuma wane lokaci ake shukawa. Na ce, "Wane abokin, Baba?" Ya ce, "Ba ka san shi ba."

Ɗanki, Auta

*

Zuwa ga ɗana Auta,

Gaisuwa da murna. Ina lafiya, sai dai na yi abin da ban taɓa yi ba: na karanta takardar gida a gaban aji. Da na zo wajen bakwai da rabi wata yarinya ta dafe kai, da na zo wajen yashi suka tafa har malamin ajin kusa ya leƙo.

Barka, ɗana. Amma kada kanka ya kumbura. Mai bulo bai yi ƙarya ba, baƙar ƙasar nan ba ta wuce kaurin yatsa biyu ba, ƙarƙashinta yashi ne har yanzu. Shekaru za ka yi kana ciyar da ita. Baɗi rabin sama wake ko gyaɗa, rabin ƙasa masara, shekarar da ke biye su yi musanya. In ka ga tsutsa ta yi yawa a wani kara, wannan kaɗai ka ware ka ƙona, babanka zai nuna maka yadda ake gane shi, ya fi ni ido a nan.

Yanzu saƙon abokin Yaya. Ka gaishe min da shi da kyau. Kunya goma irin naku, mudu guda ya ishe shi har ya yi saura. Ya shuka in ruwa ya zauna sosai. Ya zaɓi kunya goma a tsakiyar gonarsa ya sa wake, goma na kusa da su ya bar musu masararsu, ya yi musu duk yadda ya saba. In ya girbe waken ya bar saiwa a ƙasa. Damina ta gaba ya sa masara a duka ashirin ɗin, ya auna da hannunsa. Ba sai ya yarda da ni ba, ba sai ya yarda da kai ba.

Kai kuma ka auno mudu guda daga irin da mamarka ta adana, ka ɗaure a tsumma, ka ajiye inda Yaya yake rataye hularsa. Ka fita abinka, kada ka waiwaya.

Gwaggonka, Malama